Furanni a Lambar Motar Kawu

Warin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, har yau in ya bugi hancina sai kunnuwana su ɗau zafi. Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na durƙusa a gefen titi a Jidda, cikin abayata ta zuwa taro, ina dirzar lambar motar kawuna da tsumma.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina koya wa yara zane a wata 'yar cibiya cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ɗakuna biyu a tsohon gida mai tagogin katako. Cibiyar ta fara tangal-tangal. Fenti ya ƙare, takarda sai mun raba ta biyu. Shugabarmu, Abla Nafisa, ta ce kowa ya zo taron ranar Asabar da shawarar yadda za mu tsira.

Ni kuwa na taɓa karanta cewa a wasu ƙasashe mutum yakan ƙara kuɗi a ba shi lambar mota mai zane, abin da aka tara kuma ya tafi ga hukumar da ke tallafa wa masu fasaha. Abin ya shiga raina. Na rufe ido na ga bakin teku cike da motoci, kowace da lambun furanni a bayanta, yaranmu kuma suna wanka da fenti. (Abin da ban tsaya na lura da shi ba, a can hukuma ce take buga lambar, ba wata 'yar unguwar Hindawiyya mai burushi ba.)

Na ce shawara a baki ba ta taɓa zuciya, sai an gani da ido. Da na yanki kwali na zana, da an wuce wurin. Amma a ganina kwali ba shi da rai.

Kawu Sani ƙanin mahaifiyata ne, gida ɗaya muke. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara, da ita yake ɗauko kaya daga unguwar Mahjar ya raba wa shaguna, da ita yake ci da iyalinsa. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ranar Juma'a bayan la'asar motar tana lungu, bayanta na kallon bango, na lallaɓa da fentin mai. Na zana furanni ruwan hoda, na sa reshe kore ya nannaɗe lambobin, a ƙasa na shimfiɗa igiyar ruwa shuɗiya. Da na ja baya na kalla, wallahi sai da na yi ƙwalla. Niyyata in ba Kawu da Abla mamaki lokaci ɗaya.

Da safe na roƙe shi ya sauke ni a cibiya. Ya ce yalla, mu tafi. Amma maimakon ya hau babban titi, sai ya yi ta kurɗawa cikin lungunan Ammariyya, muna tafiya kamar masu bin gawa.

"Kawu, ina za mu ta nan?"

"Nan ya fi inuwa, Uwata."

"Zan makara fa. Don Allah ka hau titi."

Ya juyo ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce, "To, Uwata," ya karya kan mota.

Ko fitila biyu ba mu wuce ba motar murur, 'yan sandan hanya, ta haska mana daga baya. Wani matashin jami'i ya sauko, ya tsaya a bayan motarmu ya daɗe, sannan ya zo taga.

"Ya Hajji, wannan mota ce ko akwatin amarya?"

Kawu ya miƙa masa iƙama, katin zama a ƙasa, da lasisi. Jami'in ya ce rufe lamba babban laifi ne, za a iya tafiya da motar. Da azahar Kawu yana da lodin da ya yi alkawari, in motar ta kwana a hannunsu wani ne zai karɓe masa shagunan.

Mai hankali haƙuri za ta ba da. Ni sai na fito, na gyara mayafi, na buɗe Larabcin jami'a. Na yi masa bayanin ƙasashen waje, da lambobi na musamman, da yaran da ba su da fenti. Har na ce masa birni ba ya rayuwa sai da kyau. (Eh, na faɗa. Da hannu a ƙirji.)

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya kira abokin aikinsa. "Ta'al, zo ka ji wannan." Na maimaita masa tun daga farko, ina zaton na fara samun magoya baya.

Na biyun ya nuna lambar da biro. "Tayyib, ya fannana, gwanar zane. Ke da kika zana, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

Na sunkuya. Na karkata kai dama, na karkata hagu. Reshen ya haɗiye ta gaba ɗaya, fure ya zauna mata a ka. Ni da hannuna, na kasa karantawa.

"Bakwai ce," in ji Kawu a hankali, daga bayana.

Suka ce ko a goge yanzu a gabansu, ko a kira motar da za ta ja ta. Kawu ya jawo kwalbar tina da tsumma daga ƙarƙashin kujera (na ɗauka duk direba yana yawo da su), ya fara naɗe hannun riga. Jami'in ya ce, "A'a, ya Hajji, bar mai zanen ta yi."

Haka na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Furannin suka narke suna gangarowa kan yatsuna, tekun ya koma taɓo a gefen abayata. Wani direba ya rage gudu ya ce, "Mabruk ga amarya!" Ban ɗago ba. Da baƙaƙen lambobin suka fito, jami'in ya mayar wa Kawu takardunsa ya ce, "Halas, ku tafi. Ki ci gaba da zane, amma a takarda."

Taro dai ban je ba. Kawu ya kai lodinsa a kan lokaci, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai ruwan hodar bai fita duka ba, ya bar wa lambar ɗan ja-ja kamar mai jin kunya, kuma 'yan lungunmu suka raɗa wa motar suna Amarya har ta tsufa. Tun daga ranar, duk mafarkin da ya zo mini sai na fara gwada shi a kwali. Ashe kwali ma yana da rai, kuma murur ba sa tare shi.

Sai bayan shekaru, ranar da aka sayar da motar, matar Kawu ta gaya mini sauran labarin muna tsinke ganye a kicin. Ashe ya ga lambar tun dawowarsa daga sallar asuba. Ya shigo yana dariya ya ce mata, "Uwata ta yi wa motata lalle." Ta ce ya goge kafin in tashi, ya ce a'a, ai don taronsu na yau ta yi, sai shugabarsu ta gani tukuna. Shi ya sa ya bi lungu. Tinar nan kuwa, ƙofar maƙwabcinmu mai fenti ya buga da sassafe ya aro ta.