Silifan da Nomau Ya Tsare

Ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba, wannan labarin gidana ne. Mu biyu ne a gidan, ni da jikana Nomau, sai tukwanen daddawata. Uwarsa ta rasu yana goye, ubansa ya bi ta, ni na yaye shi da kunu. Yanzu gemunsa ya fara furfura, amma idan ka ce masa ya tsaya nan, nan za ka dawo ka same shi ko ruwa ake da ƙanƙara. Mutanen Kwarin Maje suna ce masa wawa. A bayan idona suke faɗa, don ba wanda ya isa ya faɗa a gabana.

Ban je makaranta ba, amma na san gwiwoyina sun fara ƙin tashi. Ranar da aka fitar da ni a makara, ba mai zuba wa yaron nan tuwo sai in yana da wurin da ake bukatarsa. Shi ya sa na yafa mayafi na taka har tashar lantarki da ke gindin madatsar ruwan bayan garinmu, wurin Injiniya Haladu, wanda matarsa ba ta miya sai da daddawata.

"Ɗan nan, aiki na zo ka ba jikana."

"Iya, me ya iya?"

"Ya iya jin magana. A ma'aikatanka akwai wanda ya iya wannan?"

Ya yi dariya, ya ce a turo shi.

Wata rana, ita ce ma ranarsa ta farko, Injiniya ya hau da shi saman madatsa ya nuna masa ragar ƙarfe da ke bakin inda ruwa ke shiga. Ya ce daga nan ruwan yake bin ƙaton bututu ya gangara da ƙarfi ya bugi farfela, kuma reshe ɗaya idan ya wuce yana iya karya mata fiffike. Ya miƙa masa manjagara mai doguwar ƙota, ya ce, "Duk abin da ka tsamo, ka kai shi inda ba zai sake komawa ruwa ba." Nomau ya duba gabas ya duba yamma, ya ga ko'ina ya ajiye iska za ta iya mayar da shi. La'asar sai ga shi da baro a tsakar gidana, ya juye kainuwa da ledoji da rassa da fasasshiyar ƙwarya, har da mushen kaza.

"Maigida, cefanen yau ke nan?"

"Iya, nan kaɗai na tabbata ba zai koma ba. Ai abin da ya shigo gidanki ba ya fita."

Na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo. Sannan na sa ya ware rassan ya shanya. Shekarar nan ban nemi itacen dafa kalwa ba.

Wata rana Injiniya ya shigar da shi ɗakin inji, inda ƙasa ke rawa a ƙarƙashin ƙafar mutum. Ya nuna masa yadda farfelar ke juya wata sandar ƙarfe mai kaurin turmi, sandar kuma tana juya maganaɗisu a tsakiyar wayoyin tagulla, daga nan lantarkin ke fitowa. Ya ce ruwa ba ya haifar da ita, juyi kawai yake bayarwa. A wasu tashoshin tururi ke juyawa, a wasu iska. "Ko hannunka ne ya juya, za ta zo." Mu kuwa a Kwarin Maje wayoyin ta saman kanmu suke wucewa zuwa birni, fitilar ƙwai muke kunnawa. Ranar hutunsa Nomau ya ɗauki mazarin da nake kaɗi da shi, ya ɓalle maganaɗisu daga mataccen rediyon ubansa, ya ɗaure shi a jikin mazarin, ya naɗe su da waya, ya rataya ƙwan lantarki. Tun hantsi yake murzawa har tafin hannunsa ya tashi.

"Ki ƙara haƙuri, Iya, ta kusa zuwa. So nake ki riƙa ganin kafar allura."

Na shafa masa man kaɗanya na ɗaure hannun da tsumma, na wuce tasha ko ruwa ban sha ba.

"Ka yi wa maraya ƙarya," na ce wa Injiniya.

Ya jawo keken maigadi ya kifar da shi, ya manna ɗan injin fitilarsa a jikin taya, ya juya feda. Fitilar ta kama.

"Ba ƙarya na yi ba, Iya. Dole wayar ta zauna wuri ɗaya, maganaɗisun ya yi ta wuce ta da gudu. Shi ya ɗaure su suna juyawa tare. Kuma wayar da ke cikin wannan an naɗa ta an sake naɗawa, ba iyaka."

Na karɓi fedar na juya da kaina. Ya cire wayar fitilar sai na ji ta saki, ya mayar sai na ji ta ɗan riƙe ni. Ya ce haka injinsu ke ji duk sanda birni ya kunna kayansa, don ba a tara lantarkin nan a rumbu, wadda aka yi yanzu yanzu ake shan ta. In nauyin ya ƙaru sai su ƙara buɗe masa ruwa. Ban ba shi haƙuri ba, ya yi ƙanƙanta. Na dai aika wa matarsa daddawa mai kyau.

Wata rana da bazara ruwan madatsa ya ja baya sosai. Injiniya yana tsaye yana kallonsa, ya ce wa Nomau, "Ƙarfin ruwa a tsawon faɗowarsa yake. Dubi wancan da ya fito ta ƙasa, ya gama aikinsa yana tafiya. Da da mai dawo mana da shi sama, da mun huta." Washegari Nomau ya jingine manjagara, ya ɗauki jarkoki biyu. Ya cika su a ƙasa, ya hau matakala, ya juye a sama, ya sauko. Haka ya wuni. Ragar da ya bari ta toshe da kainuwa, ruwa ya ragu a bututu, injin ya rage ƙarfi, aka ɗauke wuta a wasu unguwannin birni. Da aka kamo shi yana haki, Injiniya ya ce, "Nomau, ƙarfin da ka kashe ka hau da shi, ko shi ba zai biya ka duka ba in ya gangaro."

Ya dawo ya faɗa mini. Na ce, "Wato tuwona kake kai wa mutanen birni su kunna fanka."

Wannan karon abin bai tsaya a dariya ba. Manaja ya zo daga birni, ya ce in aka sake jin sunan Nomau a wata ɓarna, ya tattara ya bar tashar. Injiniya ya zo har zaurena ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Tuwon ranar a kwano ya kwana.

Wata rana aka tsayar da injin don gyara. Aka rufe ƙofar ruwa daga sama, bututun ya tsane, aka kwance wata 'yar ƙofar ƙarfe a cikinsa don ma'aikata su shiga su kankare tsatsa su shafa fenti. Su kuwa al'adarsu, kowa sai ya tuɓe silifansa a bakin ƙofar ya sa dogon takalmin roba. Injiniya ya nemi aikin da Nomau ba zai iya ɓatawa ba, ya zaunar da shi a dokin ƙofar. "Ka tsare takalman nan. Kada ka tashi sai kowa ya ɗauki nasa."

Da azahar na kai masa ɗumame da kaina, don hankalina bai kwanta ba. Na tarar an gama aiki, ana cewa kowa ya fito, ana jira a ɗaure ƙofar a saki ruwa. Nomau na zaune daram a bakinta, ƙafafunsa a ciki, ya rungume wasu shuɗɗan silifa.

"Na Ɗanlaso mai walda ne," in ji wani. "Na gan shi da idona ya tafi cin abinci da takalmin robar."

"Ka ji? Tashi," in ji Manaja. "Birni na jira."

"Ranka ya daɗe, bai ɗauka ba."

"Kawo, ni in ɗaukar masa."

"Ba ƙafarka ba ce."

Ma'aikata suka juya baya suna danne dariya. Mutum biyu suka kama shi, ya maƙale ƙarfen ƙofar kamar kaska. Manaja ya ce daga yau ba shi da aiki. Injiniya ya dube ni, ya ce, "Iya, ki yi masa magana." Ni na san kalma ɗaya daga bakina za ta tashe shi. Amma tun yana rarrafe nake koya masa jin magana, ba zan tsaya gaban mutane in ce ya karya ba.

"Kai ka zaunar da shi, ɗan nan."

Injiniya ya sauke numfashi, ya karɓi tocila. "Nomau, zan shiga in duba maka. In Ɗanlaso ba ya ciki, za ka tashi?"

"Ka duba dai."

Ya tsallake shi ya shige. Muka ji takunsa yana nisa, sannan shiru. Can sai muryarsa ta fito ta bututun, yana cewa a kawo igiya da mutum biyu. Suka fito da wani dattijo, fenti har gemunsa, ba ya motsi. Ba Ɗanlaso ba ne. Mai fenti ne da aka ɗauko daga birni ranar, ya shiga da takalminsa, ya kutsa can kusa da farfela, warin fentin ya sumar da shi. Ba ya cikin waɗanda aka saba ƙirgawa, ba wanda ya tuna da shi. Aka kwantar da shi a iska aka yi ta yi masa fifita har ya yi tari ya buɗe ido. Manaja ya zauna a kan wani bokiti, ya daɗe yana kallon 'yar ƙofar nan.

"Nomau," ya ce a hankali, "yanzu ka tashi a rufe."

"Ranka ya daɗe, bai ɗauka ba."

Sai da aka tura direba da motar Manaja aka zaƙulo Ɗanlaso a rumfar mai shinkafa da wake. Ya zo yana suɗe hannu, ya sa silifansa. Nomau ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya ce, "Iya, ɗumamen ya huce?"

Aka ɗaure ƙofa, aka saki ruwa, ƙasa ta fara rawa. Manaja ya zo ya durƙusa gabana.

"Iya, na janye maganata. Muddin ana shiga bututun nan, shi zai zauna a bakinsa. In aka ɗauke ni daga nan, zan bar wa na bayana wannan umarnin."

"To ku sani ba ya cin yaji," na ce masa. "Kuma in zazzaɓi ya kama shi ba ya faɗa, sai an taɓa goshinsa."

"Na riƙe, Iya," in ji Injiniya.

Na jira Nomau ya cinye, na karɓi kwanona. Ya ce zai raka ni. Na ce ya zauna, bai tashi aiki ba. Na kama hanya ni kaɗai ina dogara sanda, kuma har na kai gida ban waiwaya ba, don na san yana nan inda na bar shi.

Iyakar labarin ke nan. Mai sauran dariya ya zo gabana ya yi.