Ranar da Na Ƙara wa Kwamfutar Kawu Gudu

Ko na so in manta da wannan Juma'ar, ba zan taɓa iyawa ba. Satina na biyu ke nan a shagon buga takardu na Kawu Modu a Gashua, na dawo daga Nguru da satifiket ɗin koyon kwamfuta, kaina ya kumbura. Ni mutum ne mara haƙuri, kwamfutar shagon kuwa sai ta yi ta nazari kafin ta buɗe fayil, ni kuma ina kaɗa ƙafa.

Da hantsi Malam Gambo, shugaban manoman shinkafa na Dagona, ya shigo da sunayen mutanensa a rubuce da biro. Dole a buga su a kai ofishin masu rabo kafin a tafi masallaci, in ba haka ba a raba injinan ban ruwa babu su. Anti Falmata, wadda ke bugu a shagon tun zamanin tafireta, ta shigar da sunayen tsaf, ta fita alwala. Saura a tura wa firinta kawai.

Nan shaiɗan ya raɗa mini. Na ce wa Malam Gambo, “Baba, ba ni minti biyu in sa ta tashi sama.”

“Ɗana, tafiyar da take yi ma ta ishe ni,” in ji shi.

Ban saurara ba. Na kashe ta, na kunna, na shiga BIOS, wato shafin saitin da ke fitowa kafin komai. Na ɗaga gudun RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, har ƙarshe, na rage lambobin jiran da take yi kafin ta amsa umarni. Lambobin daga bidiyon wani Bature na haddace su, mai sabuwar na'ura da fankoki shida a ɗaki mai sanyi (tamu ta girmi ƙanwata, ga zafin Gashua). Na adana, na harɗe hannu.

Allo ya yi baƙi ƙirin, sai ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na tashi, na zauna, na leƙa bayan tebur, na hura wa soket iska (har yau ban san dalili ba). Gumi ya jiƙa mini riga, wallahi tsoro ya kama ni.

“Ta tashi saman ne?” Malam Gambo ya tambaya a hankali.

Sai ga Anti Falmata ta dawo. Ta kwance murfin kwamfutar, ta zare ɗan batirin nan mai kamar kwabo, ta jira, ta mayar, saitin ya koma yadda yake. Amma kafin firinta ta gama, an yi kiran salla. Na kwasa da gudu zuwa ofishin, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Allah ya rufa asiri aka ɗaga rabon zuwa Litinin, sai dai dattijon ya kwana uku cikin zullumi saboda ni.

Ran Litinin ya dawo a ƙara sunaye biyu. Ya gan ni a kan kujera, ya mayar da takardarsa aljihu, ya ce wa Kawu, “Alhaji, don Allah a aiki malamin nan kasuwa tukuna.”

Aka aike ni sayen albasar da babu mai bukata. Tun ranar, in na ga abu yana tafiya, ko da rarrafe ne, addu'a nake yi masa daga nesa.