Ranar da Na Je Kare Shanu a Lise

Ni dai Allah ya ba ni kunne, amma bai haɗa mini da haƙuri ba. A shekarar da fari ya cinye mana rabin garke, ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji 'yata Rabi a ɗaki tana ta maimaitawa: "Kiwo ya ƙare, makiyayi ya sayar da abin da ya rage ya dawo gari." Ubanta kuwa yana can wajen Tarka, shanu na faɗuwa a gabansa.

Na ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Malaminmu ne, Inna, amma..."

Ban tsaya jin amma ba. Na yafa mayafi sai lise, makarantar sakandaren su Rabi. A ƙofar aji na wanke malamin tas, har ina jin daɗin yadda yara suka yi tsit.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Inna, muhawara ce. Ƙuri'a ake yi, ɓangaren da ya faɗo wa ɗalibi shi zai kare, ko ba ya so. Kuma na faɗa a taron iyaye, duk wanda aka biyo shi aji da faɗa ya fita daga gasa."

Ina wurin taron nan. Da Faransanci aka yi shi, wanda ba na ji, kuma na fi kowa gyaɗa kai.

Gasar muhawara ta Damagaram da Rabi ta daɗe tana wa shiri, wata ɗalibar aka tura. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai daina karatu da ƙarfi a gidan.

Har yau in akuya ta shiga gonar wani, maƙwabta sai su leƙo ta katanga: "Ina lauyar shanu? Fito, an kama ɗaya daga cikin naki."