Ranar da Na Koma Gida da Zanen Iya Habsu

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Asabar, a Zongon Kwatano, zamanin juyin juya hali da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Waɗanda ke wurin su ne: ni da nake shugaban magina, wato shef, Alhaji Mamman mai fataucin shanu, wanda muke gina wa bene, delege, wato wakilin hukuma a unguwa, kafintoci, leburori maza, sai mata goma sha biyu masu ɗaukar kankare a ka.

Ranar zuba dal ce, wato rufin kankare. Dokar aikin ɗaya ce, in an fara ba a tsayawa, don in wani ɓangare ya bushe kafin wani, rufin zai tsage. Ni kuwa mutum ne mai doka. (Matata ta ce ko atishawa sai na sa mata lokaci.)

Maza ke kwaɓawa, maza ke shafewa, mata kuma su hau su sauko da kwano. Ba a ba mace cokalin gini, ba a tambayarta. Babbarsu ita ce Iya Habsu, wadda ta fara hawan katako tun ina koyon riƙe guduma.

Mun ci rabin aiki sai na ga layin mata ya tsaya cak. Iya Habsu ta sauke kwanonta.

"Shef, ba mai sake hawa. Katakon gabas yana numfashi."

"Iya, katako ba ya numfashi. Ku ɗauka!"

"Ruwan jiya ya jiƙa yashin da ka kafa sandunan tokara a kai. Kai da takalmi kake takawa, ni da tafin ƙafa. Na ji shi."

Na dubi Alhaji, na dubi delege. Delegen nan, wanda bakinsa ba ya gajiya da cewa mace da namiji ɗaya ne a sabuwar ƙasa, ya ce, "Kamarad Iya, ki bar wa masu sani."

Ta ce, "To, masu sani su hau."

Na hau. Na tsaya daidai inda ta nuna, na ce kowa ya buɗe ido. Na buga ƙafa sau ɗaya, lafiya. Na buga na biyu, na yi murmushi. A na uku sandunan suka nutse, katako ya sunkuya, rodi ya bi shi, na zame na zauna cikin ɗanyen kankare har ƙugu. Hulata ta riga ni isa ƙasa.

Mazan suka watse. Matan ne suka ƙulla gammonsu suka jefo mini, suka jawo ni kamar saniyar da ta faɗa rijiya. (Alhaji da kansa ya yi wannan kwatanci, kuma ya san shanu.)

Ban gama salati ba Iya Habsu ta ce, "Cire wandon."

"Iya, a gaban jama'a?"

"Siminti ba ya jin kunya, yana cin fata. Na haifi kamarka, cire!"

Ta kwance zanenta na sama ta miƙo mini, aka kwara mini ruwa bokiti uku. Ina tsaye ina ɗiga, ita kuma ta shiga ƙarƙashin rufin tana ba kafintoci umarni: a shimfiɗa katako mai faɗi ƙarƙashin kowace sanda, a ƙara shida a gabas. Ba wanda ya yi musu. Kafin la'asar an gama zubi, benen yana nan tsaye har yau.

Ni dai na ratsa Zongo da zane mai furanni, 'yan tebur suna tambayata ko biki za ni.

Abin da ya fi zanen ƙona ni shi ne lissafin da na yi a hanya. Da sun bi umarnina, mata goma sha biyu ne za su tsaya a wurin da kaya a ka. Daga ranar ban sake zuba dal ba sai Iya Habsu ta taka katakon ta ce to. Duk da haka har ta bar aiki sunanta mai ɗaukar kaya, ni kuma shef.

Don haka ina roƙonka, mai karatu: in kana gini wata mai kwano ta ce a dakata, ka dakata ka tambaye ta dalili. In kuwa girman kai ya hana ka, to, ka zo aiki da wando biyu.