'Yan Bakan Iya Hure

"Gajiya ta bi lafiya, maigidana. Ina cefane? Ko yau ma wannan baƙin akwatin ka rataya a wuya ka zo ka haske min ido?"

Iya Hure kenan, kakata ta wajen uwa. Na same ta a gindin darbejiyar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Abu ɗaya ya kawo ni: kalandar bikin ƙanwata Muhsina. Na ɗauki dangi kaf, fuska goma sha tara, saura ta Iya. Mai buga kalandar a Kano ya ce in hoton bai isa yau ba, zai buga ta haka nan, ita kuwa Muhsina ta rantse ba za a raba kalandar da babu Iya a ciki ba.

"Amarya, gyara kallabinki kawai. Ƙyas ɗaya, na tafi."

"Ba za a yi ba. Hoton da ka ɗauke ni da sallah, wa ka kawo min? Wata mata mai fuska sumul kamar ƙwai. Ina 'yan bakana?" Ta shafa zane uku-ukun da ke gefen bakinta. "Wanzami ya yi aikinsa tun ina cikin tsumma, ruwa da sabulu sun gaza, kai ka zo da inji ka share."

"Ba ni ba ne, kyamarar ce. Tana da saitin gyaran fata, sai ta ɗauka tabo ne."

"Tabo! Wa ya gaya mata?"

"Waɗanda suka ƙera ta. Akwai manhaja a cikinta, ita ce hankalinta. Lokaci-lokaci kamfanin kan aiko da sabuwa ta intanet, in ɗura mata, ta ƙara wayo."

Iya ta ture kwanon gyaɗar gefe. "Tsaya. Ana ɗura wa abu hankali daga nesa? Ta ina yake shiga?"

Na zaro ɗan katin da ke gefen kyamarar na miƙa mata. Ta juya shi, ta ɗaga shi sama, har da sansanawa.

"Wannan ɗan abin kamar farce? To me ya hana a ɗura maka?"

"Nawa a cike yake. Naki ne tsohon yayi, kamfanin ma ya rufe."

"Ya rufe don ya gama aiki mai kyau. Kai aka bari rabi da rabi." Ta mayar min da katin. "To in suna jin magana, me kuke roƙon su, ku masu hoto?"

"Da yawa! Kullum zancen da muke yi kenan a zaurenmu na waya. Na farko, ta san baƙar fata. Mutum ya sa farar babbar riga da rana tsaka, sai ta bi rigar, fuska ta koma gawayi. Na biyu, ƙwayar ido take nema kafin ta daidaita hoto. To amaryarmu kanta a sunkuye yake saboda kunya. Sai kyamara ta rasa ido, ta koma kan duk abin da ya kalle ta."

"Ashe shi ya sa a bikin 'yar'uwarka Ummi akuyar maƙwabcinmu Dallatu ta fi kowa fitowa!"

"Ita kaɗai ta ɗago kai. Na uku, in na jera mutum talatin, ta yi min ƙara in wani ya ƙifta ido."

"Duk ƙananan buƙatu ne. Ce musu ta riƙa nuna wanda ya ci tuwon biki sau biyu."

"Ai da kin fito a kowane hoto."

"Ɗan nema! Kuma a koya mata gaisuwa. Abu ya shigo gidan mutane, ya ƙura wa babba ido, ko sallama babu."

"Wannan kam zan isar. Yanzu zauna daidai, zan kashe gyaran fatar, 'yan bakanki su fito."

"Yauwa. Amma ka bar wanda ya goge min tamojin goshi. Wannan aikin ya yi kyau."

"A'a! Ashe kin gani kin yaba, kika yi shiru!"

"Mai miji yaro ai sai da gyara."

"Ba ya rabuwa, Iya. Maɓalli ɗaya ne. In na kunna, ta share zane da tamoji. In na kashe, ta bar duka. Ba ta bambance aikin aska da aikin shekaru."

"Duk wayon nan nata?"

"Wallahi ko a zaurenmu ba wanda ya taɓa kawo wannan."

Ta kalli kyamarar kamar mai taya akuya a kasuwa. Ni kuwa hankalina yana kan motar Bici, inda zan hau ta Kano, kada ta cika ta bar ni.

"Ɗauki biyun in gani," in ji ta.

Ta gyara kallabi, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta dubi kyamarar ido cikin ido. Na ɗauka da gyara, na ɗauka babu gyara, na tsuguna kusa da ita ina nuna mata. Ta sa na koma na farko, ta sa na dawo na biyu, ta sake cewa in koma.

"Wannan yarinyar kyakkyawa ce," ta ce, "amma ban san gidansu ba. Kai musu wancan na biyun."

"Da tamojin duka?"

"Duka. Zanen na gidan ubana ne. Tamojin kuwa ku kuka yi min. Wannan na tsakiya uwarka ce. Wannan dogon kai ne, ranar da ka bi masu kiɗa ka ɓata a kasuwa. Kowa ya zo ya ga aikinsa a jikin bango."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. "Na sallama, amarya. Yau kin kayar da ni."

Ta damƙo gyaɗa ta cika min aljihu, sannan ta rage murya.

"Maza kada mota ta tafi. Amma ranar da suka ɗura mata hankalin raba zane da tamoji, ka dawo mu sake."