Ranar da Nana ta caje kakarta

Ba zan taɓa mantawa ba da sunan da aka yi gidan yayar mijina a nan Tawa, ko da kuwa na so in manta.

Shekara uku ke nan mijina na ƙasar Polan yana aiki a mayankar kaji. Shi ya turo mini wani fim ɗinsu na ɓarayi masu ban dariya, ya ce can kowa ya haddace shi, abokan aikinshi da maganganun fim ɗin suke gaisawa. Ni ko kalma guda ban ji. Titunan nake kallo, ina cewa wataƙila nan yake bi. Da kewa ta ishe ni sai muka mai da shi wasa ni da ɗiyata Nana, mai shekara biyar. In saka baƙin tabarau in zama ubangidan ɓarayi (e, ni, uwar mutum), ita ko ta tsaya bakin ƙofa tana caje duk mai shiga.

To uwar mijina, Hajiya, ta daɗe tana cewa waya ke renon yarinyar, za ta tafi da ita ƙauyensu Bambeye ta koyi ladabi. Kwana uku na yi ina koya ma Nana durƙuso.

Ranar suna, tsakar gida cike da mata, Hajiya ta shigo. Na tura Nana ta gaishe ta. Sai yarinyar nan ta ɗaure fuska, ta ɗaga ma kakarta hannuwa sama, ta hau shafa ta daga hammata har ƙugu. Mata na dariya, ni ina neman ramin shiga. Can ta zaro wani ƙulli daga gefen zane ta ɗaga sama. Taba gari ce da kanwa, wadda Hajiya ta rantse ma 'ya'yanta ta bari tun dawowarta daga Makka.

Dariya ta ɗauke.

"Wa ya koya miki wanga aiki?" in ji Hajiya, a hankali.

"Inna ce. Ita ce shugabar ɓarayi."

Washegari Nana ta bi motar Bambeye, wai sai bayan damina. Mijina da na kira ina kuka, dariya ya yi har ya sarƙe.

Yanzu ni kaɗai ke kallon fim ɗin, babu mai tsare mini ƙofa. Na dai koyi abu guda: in za ki kafa ƙungiyar ɓarayi, kada ki ɗauki ma'aikaciyar da ba ta iya ƙarya ba.