Rasuwar Mieta a Kan Hanyar Furanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, Kawu Salmon Beukes na garin De Aar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mieta, motarsa mai gado da murhu a ciki. Ta faɗi ranar Talata da hantsi a kan hanyar tsakuwa, saura tafiyar awa biyu a shiga ƙasar Namakwa, ba ta sake tashi ba. Shekararta talatin da huɗu.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ruwanta da gaggawa. Ba ta taɓa tashi da safe ba sai ta yi tarinta uku, ƙyak, ƙyak, ƙyak, sannan ta ce guuur, duk unguwa a san Kawu zai fita. Amalanken jaki ya taɓa wuce ta a hawan tudu, ko a jikinta. 'Ya'ya uku suka yi wayo a kan gadonta. Tana da shan mai, gaskiya, amma ba yau ce ranar tona mata asiri ba.

Tafiyar da ta zama ajalinta ba ta shan iska ba ce. Likita ya gaya wa Anti Ragel, matar Kawu, cewa hasken idonta ba zai kai wata shekara ba. Ita kuwa shekara arba'in tana roƙon a kai ta ta ga furannin Namakwa, waɗanda ke lulluɓe tsaunuka mako biyu ko uku kafin iskar gabas ta ƙone su. Kullum amsar Kawu ita ce baɗi. Bana dai ya ɗaure kaya. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa, kada ya gaya wa kowa zancen idon.

"Ba na son a riƙa kama mini hannu kamar 'yar yaye, Salmon. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji.

Ciwon ajalin ya fara da zazzaɓi. Allurar ma'aunin zafin inji ta haura ja, tururi ya turnuƙe gaba, Mieta ta ce tik, ta yi shiru.

A nan Kawu yake miƙa godiya, ko da yake godiyar tana masa ɗaci a baki. Jafta Witbooi, wani makiyayin tumaki da bai taɓa ganinsu ba, shi ya tsayar da taraktarsa ya ja marigayiyar har gonar yayarsa, Anti Sanna. Ya buɗe injin, ya ce wani abu ya tsage a ciki, sai an aiko da sabo daga birni, ya kuma yi waya da kansa. Anti Sanna ta bar musu ɗakinta ta koma na ajiya. Ta yanka rago, ta gasa burodi a garwashi, kofi bai taɓa hucewa a gidan ba. Da Kawu ya fara zancen hanya sai ta katse shi.

"Kawu, gaggawar me kake yi? Furanni ai kowace shekara suna nan. Ƙara nama."

Ya dubi matarsa, ta ɗan girgiza kai. Ya ƙara nama.

Akori-kurar Jafta tana tsakar gida, lafiyarta ƙalau. Amma lokacin askin tumaki ne, kowa hannunsa a cike, kuma mutumin da aka ba gado aka ba nama, da wane baki zai ce a ajiye aiki a kai shi kallon fure, in ba zai faɗi dalili ba? Kwana shida da zuwansu iskar gabas ta taso, mai zafi kamar bakin tanda. Yana jin ta tana kaɗa kwanon rufi, yana zaune yana yaba miya.

A rana ta tara, Anti Ragel ta ɗauki buta za ta zuba wa mijinta kofi. Ta zuba a kan tebur, gefen kofin, ta ci gaba da zubawa har Anti Sanna ta riƙe mata hannu. Anti Sanna ta dubi idanun da kyau, ta fita tsakar gida.

"Jafta, ajiye almakashin nan, tada mota." Ta juyo. "Kai kuwa Kawu, Allah ya shirye ka. Kwana tara kana cin abincina, ka kasa buɗe baki?"

Jafta ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Suka tarar da tsaunukan sun koma launin ƙasa, sai busassun kara suna karkarwa. Anti Ragel ta sauka, ta tsaya ta daɗe tana fuskantar wajen.

"Salmon, wane launi ne ya fi yawa?"

"Ruwan lemo," in ji Kawu.

"Ni ma haka na gani."

Har yau bai san wa ya rarrashi wani ba, bai kuma yafe wa kansa ba.

Kayan gyaran sun iso bayan kwana biyu. Jafta ya ɗaura, Kawu ya murza makulli. Mieta ta yi tari biyu, na ukun bai zo ba.

Ta bar Kawu da Anti, da 'ya'ya uku a birane, da tayar safaya wadda ita ma ba lafiya gare ta ba, da taswirar da aka zagaye wuri ɗaya a kanta da jan biro.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan garken Anti Sanna. Za a cire tayoyin marigayiyar a ɗora ta a kan duwatsu, kaji su gaji gadon. Ranar Litinin iyalin za su koma De Aar a motar haya, inda za a karɓi gaisuwa a gida. An roƙi jama'a kada su kawo furanni. Wanda ya zo kuma ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa, don Anti Ragel ta san wa take yi wa sannu da zuwa.